Igiyar Tomekichi da Azarar Zauren Unguwa

A wata tsohuwar unguwa ta birnin Osaka, bayan rufaffiyar kasuwar nan da rabin rumfunanta suka sauke ƙyaure ba su sake ɗagawa ba, an yi wani dattijo wai shi Habara Tomekichi. Ƙarfinsa duka ya ƙare ne wajen sayar da jiƙaƙƙen kayan lambu a gangunan katako. Da manyan kantuna suka zo suna sayar da irin kayan a cikin leda, sai ya rufe rumfa ya koma gida ya zauna. Ba rashin cinikin ne ya fi yi masa ciwo ba. A da, duk mai son daikon mai tsami, farin tushen nan mai kama da ƙaton karas, tilas ya tsaya ya saurari Tomekichi kafin a auna masa. Yanzu babu wanda tilas ta kama.

Wuri ɗaya ya rage masa, gidan wankan unguwa. Mutumin da ya tuɓe ya nutse cikin ruwan zafi har wuya ba ya iya tashi ya gudu da sauri, Tomekichi kuwa ya san haka sarai. Kowace yamma yakan je da ɗan bahonsa da tawul, ya tarar da tsofaffin unguwa sun jiƙu sun yi laushi, ya shiga ba su labarin abubuwan da ya iya.

Wata yamma Nukada mai aski ya riga shi buɗe baki.

"Kun ga abin da aka nuna a talabijin jiya?" in ji Nukada, da tawul a ninke bisa sanƙonsa. "Wani ya ɗaure mutum da igiya ya ɗaga shi sama, yana shawagi kamar shirwa, ko uhum bai ce ba. Wai sai an yi shekara da shekaru ana koyo."

"Shekaru!" Tomekichi ya fesar da ruwa ta hanci. "Wanda bai taɓa riƙe igiya ba shi zai shekara. Ni da nake ɗaure ganga tun ba a haifi masu talabijin ɗin ba? Ganga ba hannu, ba ƙafa, ba wurin kamawa, ga santsi. Mutum kuwa ko'ina a jikinsa maƙali ne."

"Sai dai ganga ba ta kai ƙara wajen 'yan sanda, Habara-san."

Aka yi dariya. Dariyar nan ita ta jawo komai. Tomekichi ya miƙe tsaye cikin ruwan, ba ko zare a jikinsa, ya ɗaga yatsa ya ce a ranar girmama tsofaffi, a zauren unguwa, a gaban kowa da kowa, zai ɗaure mutum ya ɗaga shi sama.

"Wane mutum? Kar ka je ka ɗauko mana wani ƙanjamamme irinka."

"Zaɓa da kanka!"

Nukada ya duba cikin tururi, idonsa ya sauka a kusurwar da Gonda mai awara yake gyangyaɗi. Gonda ya yi kokawar sumo a ƙuruciyarsa. Bai yi suna ba, amma jikin bai bar shi ba. In ya shiga kwamin wanka sai ruwa ya malala ta kowane gefe.

"Gonda-san, za a rataye ka ranar tsofaffi."

Gonda ya buɗe ido ɗaya. Ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya karkatar da kai, ya sosa ƙeya. Duk wanda ke wurin ya san wannan shi ne ƙin da ya fi kowane ƙi ƙarfi da Gonda ya taɓa yi wa maƙwabci a rayuwarsa. Tomekichi ya kawar da kai don kada ya gani.

"In ka kasa fa?" in ji Nukada.

"In na kasa, kada a sake jin bakina a gidan wankan nan har in mutu!"

Tsofaffin da suka yi kamar barci suke yi duk suka miƙe zaune. Wani kurma da ke can gefe ya sa aka maimaita masa, sannan ya ce shi ma shaida ne.

Washegari Tomekichi ya nemo makarantar da ake koyar da sana'ar, a saman bene, bisa wani shagon sayar da taliya. Mai makarantar, Malama Karasuma, mace ce 'yar ƙarama mai sanyin murya, wadda ba ta motsa hannu sai da dalili. Ɗalibanta ma'aurata ne da abokai, wasu da rinannen gashi, kowa da abokin aikinsa. Daga rufin ɗakin zobban ƙarfe ne ke lilo. Tomekichi ya ɗaga kai ya dube su, zuciyarsa ta yi fari.

Amma ba wanda ke sama. Kowa a tabarma yake. Wanda za a ɗaure ya kwanta, a naɗa masa igiya a ƙirji da kwankwaso, a kai ta zobe a dawo da ita, a ja har ta miƙe ta ɗauki nauyi kaɗan, shi ke nan a tsaya. In an yi nisa ƙwarai a ɗaga ƙafa ɗaya. Bayan mutum ba ya rabuwa da tabarma. Kowane ɗan lokaci mai ɗaurin ya ce, "Motsa yatsunka in gani," kuma kusa da gwiwar kowa akwai almakashi a ajiye.

"Duk abin da za ku yi a sama, a nan ƙasa za ku koye shi," in ji Malama. "Akwai jijiya a dantse, in igiya ta danne ta hannun mutum zai iya mutuwa wata da watanni. A ƙasa, in kun yi kuskure, sassautawa kawai za ku yi."

Tomekichi ya ɗaga hannu. "Malama, yaushe za mu tashi?"

"Ina za ka, Habara-san?"

"Sama mana."

"Bana dai a ƙasa kake."

Da yake ba shi da abokin aiki, sai aka ba shi mutum-mutumin ƙyalle cushe da auduga. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi masa ɗaurin ganga: ya naɗa, ya taka da ƙafa, ya ja da haƙori. Audugar ciki ta gudu ta taru a kai, kan ya kumbura, ɗinkin wuya ya ce ɓarak.

Malama ta zo ta tsaya a kansa. "Da mutum ne, da yanzu muna neman baƙaƙen kayan zuwa jana'iza."

"Amma dai bai kwance ba."

"Bai kwance ba kam. Bai kuma motsa yatsunsa ba."

A zuwansa na gaba, tana juya baya ya finciki igiya don ya ga yadda abin yake a sama. Mutum-mutumin ya tashi da ƙarfi ya bugi rufi, ƙafarsa ɗaya ta tsinke ta rage a hannun Tomekichi, sauran ya faɗo a kan wani saurayi da ke kwance a ɗaure ba halin kaucewa. Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce akwai ƙullin da ke tsayar da igiya a sama ya riƙe nauyin mutum, kuma ba za ta nuna masa shi ba sai ta ga ya iya zama a ƙasa.

"Ƙulli?" in ji Tomekichi yana sa takalmi a bakin ƙofa. "Ni za a yi wa rowar ƙulli?" Bai sake hawa benen nan ba.

Abu ɗaya ya ɗauko daga can: ya ji ɗalibai suna cewa sabuwar igiyar rama ba ta taɓa fatar mutum sai an dafa ta, an shanya, an babbake gashinta a wuta, an shafe ta da man wani fure. Ya sayo igiya ɗauri guda, ya shiga kicin.

Matarsa Fusae ta dawo daga kasuwa ta ɗaga murfi. "Baban Michiko, me ke cikin tukunyar miyata?"

"Sana'a."

"Da gishiri ake ci ko haka nan?"

"Ke ba za ki gane ba."

"Na gane. Matar mai kifi ta gaya mini irin mutanen da ke wannan abu da irin wuraren da suke yi, har kunnena ya yi zafi. Da furfurarka!"

"Wannan nasu ne. Nawa na dandamali ne."

Da igiya ta bushe ya kunna murhun gas ya shiga babbaka. Ɗalibai sukan wuce da ita ta cikin wuta ne da sauri. Shi ya ga in sauri ya yi kyau, a hankali zai fi. Hayaƙi ya cika kicin, ya fita ta taga, ya shiga lungu. Gidajen lungun a manne suke, bango ɗaya tsakanin kowa da maƙwabcinsa, saboda haka hayaƙi ba abin wasa ba ne. Tsohuwa Oshige ta gidan kusa ta fito tana buga murfin tukunya tana ihun gobara. 'Yan sa-kai na unguwa suka taho da bokitai, Nukada a gaba. Suka tsaya a bakin ƙofa suka cire takalma suka jera su, suka ce a gafarce su za su shigo, sannan suka sheƙa wa maigidan ruwa.

Da hayaƙi ya lafa aka ga Tomekichi tsaye, igiya a hannu, babu gira ko ɗaya.

"Habara-san," in ji Nukada, "in aski kake so ai da ka zo shago."

Man furen kuwa da ya je saye ya ga 'yar kwalbar ba ta kai babban yatsa ba. Ya ce mai dai mai ne. Ya juye wa igiya man riɗin Fusae gaba ɗaya. Tun daga ranar duk inda ya bi sai mutane su ji yunwa, kyanwoyin lungu kuma suka mai da shi ubangida.

Sauran gwaji. Ya shimfiɗa igiya a tabarma ya dubi matarsa. "Zo ki kwanta nan in gwada."

"Shekarun nan duka ban gudu ba, sai yanzu za ka ɗaure ni?"

Ya juya ga tsohuwar abokiyar aikinsa. Akwai ganga ɗaya da ta rage daga rumfa, cike da gauta da kokwamba a cikin jiƙaƙƙiyar dusar shinkafa, wadda Fusae ke juyawa da hannu kullum. Ya mirgino ta tsakar ɗaki, ya ɗaure ta tamau, ya wurga igiya ta saman katakon da ke bisa ƙofofin takarda.

"Baban Michiko, katakon nan ƙofa yake riƙewa, ba gida ba."

"Katako katako ne. Matsa."

Ya ja. Ganga ta ɗaga kamar tsawon yatsa. Ya buɗe baki zai yi kirari, sai katakon ya yi wata ƙara irin ta tsohon da aka tasa daga barci, ya lanƙwashe, ya fita daga raminsa. Ƙofofin takarda suka zube ɗaya bisa ɗaya. Ganga ta kife, dusa mai tsami ta malale tabarma. Ƙarshen katakon kuma ya tafi da wani yanki na bangon da ke tsakaninsu da maƙwabciya.

Ta cikin ramin aka ga tsohuwa Oshige a durƙushe gaban teburinta, da tsinkayen cin abinci a hannu, loma ta tsaya a hanya. Ta dube su, suka dube ta.

"Barka da rana," in ji Oshige, ta rusuna.

"Barka kadai," in ji Fusae, ta rusuna ƙasa fiye da ita. "A yi haƙuri da hayaniya."

"Ba komai. Iska ma ta fi shigowa."

Kafin magariba babu rumfar da labarin bai shiga ba. Mai kifi ya ce a sanar da shi ranar da za a gwada a gidansa don ya kwashe iyali. Tomekichi ya ce laifin magina ne, ya tafi wajen Gonda.

Gonda ya karɓe shi a ɗakin bayan shagon awara. Ya kwanta a tabarma kamar yadda aka ce masa. Mai awara tun kafin asuba yake tashi, saboda haka da bayan Gonda ya taɓa ƙasa sai minshari. Tomekichi ya zagaya shi yana naɗi, igiya ɗaya ta ƙare ba ta gama zagaye ƙirjin ba, ya ƙulla wata. Ya kama ya ja don ya ji nauyin. Ya ja har wani abu ya ce ƙas a bayansa. Gonda bai ko canja numfashi ba.

Tomekichi ya zauna yana haki, yana kallon tudun mutumin nan, a karo na farko tsoro ya taɓa shi. Ya tuna ruwan zafi da tururi da fuskokin da ke juyowa in ya yi gyaran murya. Can sai dabara ta faɗo masa, har ya tafa.

"Wa ya ce sai an ɗaga? A ɗora shi a sama, a ɗaure, a janye abin da ke ƙarƙashinsa! Malama da duk iliminta ba ta yi wannan tunani ba."

Ranar girmama tsofaffi zauren unguwa ya cika. Takalma sun yi sahu daga bakin ƙofa har titi. An shimfiɗa matasan zama, an raba shayi da wainar shinkafa. Saboda waɗanda ba su sami wuri ba, an haɗa abin maganar zauren da lasifikokin kasuwa, duk abin da aka faɗa a ciki ana jinsa har rumfar ƙarshe. Wata tsohuwa ta yi rawar mafici. Nukada ya rera waƙar masunta, ya kai inda muryarsa ba ta kaiwa, aka tafa masa don tausayi.

Sai ga Tomekichi cikin baƙar riga ta aro mai faɗin hannu, da girar da aka zana masa da fensirin Fusae, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, abin da ya sa ya yi kama da mai tambayar da ba a amsa masa ba. An ɗora tebur bisa akwatunan kwalabe a bakin dandamali. Mutum huɗu suka taimaki Gonda ya hau.

Azarar zauren ba irin katakon gida ba ce, gungumen itace ne da ya girmi duk wanda ke wurin. Tomekichi ya ɗaure Gonda, hannuwa a baya, ƙafafu a haɗe. Ya wurga igiya, ta kakkaɓo hoton wani tsohon shugaban unguwa. Ya sake wurgawa, ta haye azara ta sauko masa. Ya ja ta miƙe. Nan ya tsaya da bakin igiya a hannu, yana dube-dube.

A ina ake ɗaure wannan?

Ya kai ta ginshiƙin gefe ya naɗa, man riɗi ya zame da ita. Ya sake, ta sake zamewa. Jama'a sun yi tsit suna jira. Wani ya yi tari. Daga sahun gaba Nukada ya ce, "In zo in riƙe maka da yatsa, Habara-san?"

Tomekichi ya harare shi. Ya naɗa igiyar a ƙugunsa, ya bi da ita ta cinya, ya yi mata ɗaurin ganga, wanda ba a taɓa jin ya kwance ba. Ya buɗa ƙafafu ya kafe su a dandamali.

"Jama'a, gwani ba ya neman turke. Shi ne turken! Gonda-san, taka iska!"

Gonda ya leƙa ƙasa, ya dubi Tomekichi, wanda duka jikinsa bai fi cinyarsa guda ba. Ya ja iska ta tsakanin haƙora. "Habara-san, ba ka ganin ko..."

"Taka!"

Gonda ya rusuna wa jama'a, ya tsallaka.

Bai faɗi ba. Igiya mai mai ta zame bisa azara ba ko ƙara, Gonda ya yi ta sauka a hankali kamar faɗuwar rana. Tomekichi kuma ya ga dandamali yana nisa da ƙafafunsa. A tsakiyar hanya suka haɗu fuska da fuska.

"A gafarce ni," in ji Gonda, ya wuce.

Ƙafafun Gonda suka taɓa gefen dandamali, da yake a ɗaure suke sai ya zauna, ya mirgina, ya gangara ƙasa cikin matasan sahun gaba. Wannan gangarawar ta ƙarasa da Tomekichi har kusa da azara. Igiyar cinya ta fi ta ƙugu ja, sai ya juye, kai ƙasa ƙafa sama. Baƙar riga ta zubo ta rufe masa fuska, ta bar wa jama'a dogon wandon ulu na tsofaffi, da faci a gwiwa.

Ba wanda ya yi dariya. A unguwar nan ba a nuna wa mutumin da ke kan dandamali cewa an ga kuskurensa. Aka yi ta kallon juna ta gefen ido. Can tsohuwa Oshige ta ajiye kofin shayi ta fara tafi, sai zaure duka ya ɗauka.

Tomekichi ya yaye riga daga fuskarsa. Ya ga mutane a kife suna tafa masa. "Na gode! Na gode! Wannan shi ake kira salon jemage!"

Nukada ya hau dandamali, ya jawo abin magana da doguwar sandarsa, ya ɗaga shi daidai bakin Tomekichi. "Gwani, yi wa jama'a bayani. Mu jahilai mun ɗauka Gonda ne zai tashi."

"Tsohon yayi ke nan. Yanzu a Tokyo mai ɗaurin ne ke tashi."

"Ashe! To sauko mu yi maka barka."

"Ba a gaggawa a sana'ar nan."

"Gaskiya ne. Mu ma ba inda za mu."

Tomekichi ya karkata baki gefe. "Gonda-san! Tashi tsaye!" Daga cikin matasai minshari ya amsa masa.

Tunda gwani bai ce ya gama ba, ba mai ikon cewa ya gama. Tunda kuma lokaci na tafiya, shugabar taro ta kira masu biye masa. Ƙungiyar mawaƙan tsofaffin mata suka hau suka jeru a ƙarƙashinsa, suka rera waƙar kaka da jajayen ganyaye, ba wadda ta ɗaga kai. Shi kuwa yana ta juyawa a hankali. In ya fuskanci jama'a ya yi murmushi, in ya fuskanci bango ya yi nishi. Fuskarsa ta yi ja, ta koma kalar gauta baƙi. Wata kyanwa da ta biyo shi tun daga lungu ta bi ginshiƙi ta hau azara, ta zauna tana lasar igiya.

Da mawaƙa suka sauka, Fusae ta tashi daga sahun baya. Ta bi ta teburin da aka ƙawata da furanni ta ɗauki almakashin reshe. Ta cire silifas, ta hau akwatuna, ta hau tebur, har kanta ya zo daidai da na mijinta.

"In yanke?" ta ce a hankali.

"Kar ki kuskura. Ana kallo."

"To." Ta juya za ta sauka.

"Fusae."

"Na'am."

"Ƙafata ta mutu. Ba na jin ta."

"Malamarku ta ce me ake yi in ƙafa ta mutu?"

"Yankewa ake yi. Igiyar, ba ƙafar ba."

"Ni kuwa ba zan ɓata aikin gwani a gaban mutane ba. Me za a ce da ni? Sai fa in ba gwani ba ne."

Igiya ta juya shi ya fuskanci bango, ta dawo da shi. Idanunsa sun kawo ruwa, ruwan yana gangara ta goshi yana wanke girar fensir.

"Ban iya ba," ya ce cikin raɗa. "Ban taɓa ɗaga kowa ba. Mutum-mutumin ma ƙafarsa ce ta zo hannuna. Darasin ban ƙarasa ba, guduwa na yi. Don girman iyayenki ki sauke ni, Fusae, fitsari nake ji."

Ta tagogin zauren, daga can cikin kasuwa, wata babbar murya ta dawo musu, tana bugun rufaffun ƙyamare ɗaya bayan ɗaya: "Fitsari nake ji... nake ji..." Sandar abin maganar tana nan inda Nukada ya bar ta.

Kurman nan ne ya fara. Ya tambayi na kusa da shi me aka ce, aka gaya masa da ƙarfi, ya fashe. Daga nan ladabin da aka riƙe tun ɗazu ya tsinke gaba ɗaya. Tsofaffi suka kwanta a kan matasai suna riƙe ciki. Shugabar taro ta rufe fuska da mafici, kafaɗunta na rawa. Maza suka jawo Gonda da barcinsa suka kawo shi daidai ƙarƙashi, domin ba a sami abin da ya fi shi taushi ba, suka tara matasai kewaye. Fusae ta datse igiya.

Tomekichi ya faɗo bisa cikin Gonda, ya yi tsalle sau ɗaya ya kwanta. Gonda ya buɗe ido.

"An gama? Na tashi kuwa?"

Ƙafar ta dawo bayan 'yan kwanaki, da ɗingishi kaɗan. Maganar da ya yi a gaban shaidu kuwa ba ta da hanyar dawowa. Ya yi mako bai leƙa gidan wanka ba. Da ya koma, ya wanke jikinsa a kusurwa, ya shiga ruwa har wuya, ya rufe baki.

Yammar farko tsofaffi suka yi ta lumshe ido suna cewa kai, ashe haka ruwan nan yake da daɗi. Ta biyu ma haka. Daga nan sai aka fara jin abubuwan da ba a saba ji ba: ɗigar famfon da ya lalace, tarin wannan, ƙarar gwiwar wancan in zai tashi. Aka lura da wuraren da ba mai zama yanzu, aka tuna masu su. Wani ya ɗauko zancen asibiti, wani ya ce ɗansa bai kira shi ba tun bazara. Mutane suka riƙa fita da wuri, ruwa bai gama ratsa su ba.

Wata yamma da ruwan sama ke sauka bisa rufi, shirun ya yi tsawo har Nukada ya cire tawul daga kansa, ya matse, ya mayar, ya sake cirewa. Ya dubi sauran. Suka kawar da kai, kowa ya bar masa.

"Habara-san," ya ce, yana kallon bango. "Wai... yaya zauren yake in an dube shi daga sama?"

Tomekichi bai motsa ba.

"Tambaya ce aka yi maka. Amsa tambaya ba ta cikin alkawari. Ko ba haka ba, jama'a?"

"Haka ne," in ji tsofaffi. Kurman ma ya ce haka ne.

Tomekichi ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar kowa ya nutse har wuya. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Da farko dai," in ji shi, "ya kamata ku sani da gangan na yi."